Yamai da Damagaram: awa biyu ta sama, yini guda ta ƙasa

Duk ɗan lakwal da ya taɓa ɗora ma'auni bisa taswirar Nijar ya san cewa tsakanin Yamai da Damagaram, in aka ja layi a miƙe, nisan bai wuce kilomita 750 ba. Jirgin sama mai farfela, irin wanda ke cin kilomita 500 a awa guda, yana gama wannan tafiya kafin awa biyu ta cika, har da tashi da sauka. Amma mutumin da ya kama hanya mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa, sai ya ci kusan kilomita 900. Zai bar tasha kafin kiran assalatu, ya sauka da almuru ko bayan isha'i, wato awa goma sha uku zuwa sha biyar, in har mota ba ta lalace ba, ruwan sama bai yanke hanya ba, jandarma da duwan ba su tsawaita bincike ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, in ji mutanen da. Abin da taswira ta nuna kusa, ƙugu da gwiwoyin matafiyi sun san da nisa yake.

Sauran manyan garuruwa haka lissafinsu yake. Maraɗi tana da kilomita 540 daga Yamai ta sama, wajen 660 ta ƙasa. Tawa ba ta kai 400 ba a miƙe, amma da yake hanyar mota sai ta bi ta Doso da Ƙonni kafin ta yi arewa, tafiyar takan kai 550. Agadas, ta sama, nisanta da Yamai kusan ɗaya ne da na Damagaram, wajen kilomita 740. Ta ƙasa kuwa tana neman 950. Difa ce ta fi kowa nisa cikin manyan biranen jihohi: kilomita 1,140 ta sama, 1,360 ta ƙasa, tafiyar da sau da yawa sai an yada zango an kwana a Damagaram. A shekarun da kamfanin Air France ke zuwa kai tsaye, kafin ya dakatar da zirga-zirgarsa a watan Agusta na 2023, jirgin da ya bar Yamai yakan sauka a Paris, kusan kilomita 4,000, cikin awa biyar da rabi. A daidai wannan lokaci, motar da ta tashi tare da shi za ta Difa tana fama ne tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, ko sulusin hanya ba ta ci ba.

Waɗannan alƙaluma suna faɗin wata magana ta siyasa da ba kowa ke son ji ba. Nisa a ƙasar nan iri biyu ne: akwai na mai mulki, akwai na wanda ake mulka. Minista yana iya karya kumallo a Yamai, ya yanke zaren buɗe wani gini a Damagaram da hantsi, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Malamin makarantar da ke bin dosiyensa na ƙarin girma a ma'aikatar ministan nan, sai ya nemi izini, ya ci bashin kuɗin mota, ya yi yini guda zuwa, yini guda dawowa, ya kwana uku ko huɗu a gidan ɗan uwa yana jiran sa hannun da ba ya ɗaukar minti biyar. Muddin masu yanke shawara suna auna ƙasar da awa biyu, waɗanda shawarar ke faɗawa kansu kuma suna auna ta da yini guda, to da wuya su fahimci juna in ana maganar abin da ya kamata a fara gyarawa.

Nisan da aka ƙirƙiro a 1926

Allah ne ya shimfiɗa ƙasa, ya ba Nijar faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Amma ɗan Adam ne ya zaɓi inda za a kafa fadar mulki. Daga 1911 zuwa 1926, Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a wannan yanki. A 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, aka kwashe ofisoshi aka mai da su Yamai, wadda a lokacin ƙaramin gari ce a bakin kogi. Dalilan da aka fi ambata su ne ƙarancin ruwan sha a Damagaram, da kusancinta da Kano da ke hannun Ingilishi, da kuma bukatar kasancewa kusa da hanyar Dahome, wato Benin ta yau, inda kaya ke fitowa daga teku. Lissafi ne na mai mulkin mallaka, wanda idonsa ke kallon Dakar da Paris. Ba a tambayi manomin Kance ko bafataken Tasawa ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, aka gaji wannan tsari yadda yake, aka kuma ƙara masa nauyi. Ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da manyan kotuna da babban baitulmali, dukansu a kusurwar yamma suka taru. Jama'a kuwa suna inda suke tun kaka da kakanni. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17.1 a ƙasa baki ɗaya; jihar Damagaram na da miliyan 3.5, Maraɗi miliyan 3.4, Tawa miliyan 3.3, Yamai kuwa miliyan ɗaya da ƴan kai. Jihohi ukun nan kaɗai sun ƙunshi kashi 60 cikin ɗari na ƴan ƙasa. Wato mafi yawan mutane ne ke tattaki zuwa ga hukuma, hukuma tana zaune tana jiransu.

Ba abin mamaki ba ne idan mutumin gabas ya saba duba kudu kafin ya dubi yamma. Daga Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 240 ne a mota. Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a kai 100 ba. Difa da Maiduguri, a miƙe, ba su kai kilomita 200 ba, shi ya sa naira ta daɗe tana yawo a kasuwannin Manga kamar a gidanta. Ba laifi a cikin wannan, jini ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya tun kafin a ja iyaka. Sai dai sau biyu a ƴan shekarun nan an ga abin da ke faruwa idan ƙofar kudu ta rufe: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, lokacin da Najeriya ta garƙame iyakokinta, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, zamanin takunkumin CEDEAO. A ranakun nan ne mai neman magani da mai saro kaya suka gane nisan babban birnin ƙasarsu da idonsu.

Jirgin da aka yi, aka rasa

Shugabannin farko sun san da wannan matsala, kuma ba a ce sun naɗe hannu ba. A 1961 Nijar tana cikin ƙasashe goma sha ɗaya da suka sa hannu a Yawunde aka kafa Air Afrique, domin zirga-zirga tsakanin ƙasashe. A 1966 aka kafa Air Niger domin cikin gida, tare da taimakon kamfanonin Faransa, ya riƙa sauka a Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas da tsoffin jirage irin su DC-3, daga baya aka samo waɗanda suka fi su. A shekarun 1970 aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai har zuwa Ngigmi, Kanada ta ɗauki nauyin ɓangaren gabas, sa'an nan kuɗin uraniyom ya gina hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit. Mutanen lokacin sun fahimci cewa zumunta a ƙafa take, ƙasar da ƴaƴanta ba su iya ziyartar juna kuwa sunanta ƙasa ne kawai a takarda.

Da farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi, abin da aka fara sadaukarwa shi ne abin da talaka ba ya iya yi wa zanga-zanga. Air Niger ya daina tashi a 1993, shekarar da Mahamane Usman, ɗan Damagaram, ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa. Akwai abin lura a wannan haɗuwa: a shekarar da ƙuri'ar gabas ta kai ɗanta fadar shugaban ƙasa, a shekarar ce jirgin ƙasar da ke haɗa gabas da fadar ya kwanta. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran jirgi da ake saya da kuɗin waje suka ninka tsada. A 2002 Air Afrique ma ya bi sahu, bashi ya cinye shi, kuma cikin cututtukan da suka kashe shi har da gwamnatoci masu ɗaukar tikiti ba su biya ba da cusa ƴan uwa a aiki.

Babban Taron Ƙasa na 1991 ya yi wata uku yana tone-tone, an yi maganar rarraba mulki ga jihohi har murya ta dushe. Ƴan tawayen arewa su ma kukansu ke nan, cewa arziki na fita daga ƙasarsu, hukunci na zuwa daga nesa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta yi alƙawarin kusanto da mulki. A watan Disamba na wannan shekara, Mano Dayak ya rasu a haɗarin wani ƙaramin jirgi a duwatsun Ayar, yana kan hanyarsa ta zuwa Yamai tattaunawa da gwamnati. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Ko mai neman sulhu, sai da ya ratsa wannan nisa kafin a saurare shi.

Sai a 2014 wani kamfani mai suna Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida da jirage ƙirar Fokker 50 masu kujeru hamsin. An yi murna, kuma ya kamata a yi. Amma jirage ƙalilan ba su isa ƙasa mai wannan faɗi ba, kuɗin kujera ɗaya kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, wanda mafi ƙanƙantar albashinsa bisa doka ya tsaya a jika 30 da ƴan kai tun 2012, sai a 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Mutumin da albashinsa na wata bai sayen tikitin zuwa kaɗai, jirgi a wurinsa ƙara ce da ke wucewa bisa kansa.

Sararin sama na wa?

Ba a rasa kuɗin zubawa a harkar jiragen sama ba a shekarun nan, sai dai a duba inda aka zuba su. A 2014 gwamnati ta sayo wa shugaban ƙasa jirgi ƙirar Boeing 737 a kan kuɗi wajen miliyar 20 na sefa, aka raɗa masa suna Mont Gréboun, ya gaji Mont Baguezane na zamanin Seyni Kunce. A 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin Diori Hamani a kan wajen miliyar 100, bisa yarjejeniyar zai riƙe filin shekara talatin ya mai da kuɗinsa. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, sun zo da gyaran filayen jirgi a garuruwa da dama, domin manyan baƙi su sauka cikin mutunci. Biki ya watse, baƙi sun koma, fili ya zauna yana jiran jirgi kamar rijiya mai jiran guga.

Baƙi ma sun san darajar wannan sama. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta yi aiki da shi daga 2019 har ta fice a 2024. Sojojin Faransa sun yi shekaru suna tashi daga Yamai kafin su tattara nasu ya nasu a Disamba 2023. Tun 2008 Hukumar Abinci ta Duniya ta buɗe layin jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya riƙa kai ma'aikatan ƙungiyoyi Maraɗi da Damagaram da Difa da Agadas da Tawa bisa jadawali tsayayye. Wannan layi ya tabbatar da abu guda: ana iya tashi a kan lokaci a ƙasar nan, ana iya sauka lafiya a filayen jihohi, in akwai mai biyan kuɗi kuma akwai mai riƙe amana. Sai dai kujerun na masu katin ƙungiya ne. Ɗan ƙasa mai larura yana ganin jirgin ya sauka a garinsu ya tashi, shi kuwa ya nufi tasha.

Abin takaici ma, birnin Yamai ne ke da makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Jiragen da ke ratsawa daga Turai zuwa kudancin nahiyar, da yawansu muryar da ke yi musu jagora daga Yamai take fitowa. Ƙasar da ke nuna wa jiragen duniya hanya ta kasa tabbatar wa ƴaƴanta jirgi guda da za su dogara da shi kowace safiya tsakanin manyan biranenta biyu.

Masu cewa jirgi kayan alatu ne

Akwai masu cewa wannan duk maganar ƴan boko ce. A ƙasar da yara ke karatu a rumfar zana, mata ke tafiyar kilomita da dama neman ruwa, wa zai yarda a ɗebi kuɗin jama'a a tallafa wa jirgin da attajirai da manyan ma'aikata kaɗai za su hau? Maganarsu tana da nauyi, kuma tarihin kamfanonin jirage na gwamnati a Afirka yana bayansu. Kujera hamsin a rana ba za ta ɗauke mutum miliyan goma ba. Ko an yi shekara ɗari ana tallafi, mai tallan goro da ɗalibi da tsohuwa mai zuwa ganin jika a mota za su tafi. Duk wanda ya ce jirgi zai maye gurbin hanya yaudarar kansa yake yi.

Amma a dubi wanda ke cikin waɗannan kujeru hamsin, in an tsara su da adalci. Cibiyar yaƙi da cutar kansa da ke Yamai ta fara gashi da na'ura a 2021, ita ce ta farko a ƙasar. Mace mai wannan ciwo da ke Maine Sorowa, in likita ya tura ta, sai ta yi fiye da kilomita dubu bisa kujerar mota, cikin zafi da girgiza, kuma ba sau ɗaya ba. Likitan ƙashi ko na zuciya da ke iya zuwa Difa ya yi kwana biyu yana aiki ya koma, ba zai zo ba idan zuwa da dawowa kaɗai za su ci masa kwana huɗu. Haka alƙali, haka malamin jami'a, haka injiniyan da zai gyara na'urar ruwa ko ta lantarki. Talakan da bai taɓa taka jirgi ba yana cin moriyarsa ranar da jirgin ya kawo masa wanda zai duba shi, ko jinin da za a ƙara wa matarsa.

Sa'an nan ga maganar tsaro. A tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009, motocin Agadas sai da rakiyar soja suke tafiya. Tun harin Boko Haram a Bosso da Difa a Fabrairu 2015, hanyar gabas ta zama abin addu'a. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, to ina ga hanyar da ga tsawo ga rashin lafiya? Jihar da hanyarta ta zama abin tsoro, kuma ba jirgi, ta yanke daga jikin ƙasa ko da tuta ɗaya ke kaɗawa a can da nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu ɗauke da makamai kuwa sun fi kowa sanin inda hukuma ke jinkirin isowa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Faransa, wadda ƴan bokon ƙasar nan suka fi sani, tana tallafa wa jiragen ruwa da na sama da ke zuwa tsibirin Kors tun shekarun 1970, bisa hujjar cewa ɗan tsibiri ɗan ƙasa ne kamar na Paris. Amurka, uwar kasuwar ƴanci, ta kafa tsarin tallafa wa jiragen ƙananan garuruwa a 1978. Habasha, wadda ba ta fi Nijar arzikin ƙarƙashin ƙasa ba, ta kafa kamfaninta a 1945, ta bar ƙwararru suna tafiyar da shi, yau yana sauka a garuruwa wajen ashirin a cikin gida. Ba wanda ya kira waɗannan alatu.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ɗauki jigilar sama ta cikin gida a matsayin aikin jama'a, kamar gidan waya da asibiti. Ba dole sai gwamnati ta mallaki jirgi ba, an ga ƙarshen wannan. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya a fili da kamfanin da ya ci gasa a fili: layi ɗaya daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram da Difa, ɗaya daga Yamai zuwa Tawa da Agadas, da ranaku sanannu, da farashin da ba za a haura ba, da kujerun da aka keɓe wa marasa lafiyar da likita ya tura. A buga adadin tallafin a jarida kowace shekara, kowa ya gani. Kuɗin yana iya fitowa daga wani kaso na harajin tikitin ƙasashen waje, da kuma kamfanonin da ke haƙo man Agadem da uraniyom na Arlit, waɗanda arzikinsu daga jihohin nan masu nisa yake fitowa. Kuɗin mai da na guzuri da ake kashewa ayarin manyan motocin gwamnati masu zuwa rangadi ma, in aka mai da shi kuɗin kujera, aka biya lakadan, zai riƙe jirgi.

Na biyu, a daina tunanin cewa kowace tafiya sai ta bi ta Yamai. Tsakanin Damagaram da Agadas, a miƙe, bai kai kilomita 400 ba. Tsohuwar hanyar ayari ce da ta haɗa Kano da Ayar da Tarabulus shekaru aru-aru. Tsakanin Damagaram da Kano kuwa jirgi ko awa ɗaya ba zai yi ba. Taswirar jirage da ta yi kama da tafin hannu, duk yatsu suna komawa wuri guda, maimaita kuskuren 1926 ne a sararin sama.

Na uku, hanya. Tun da mafi yawan jama'a a ƙasa za su ci gaba da tafiya, kowace awa da aka rage musu ta fi kowane sabon zauren karɓar baƙi daraja. Direbobi suna biyan kuɗin hanya a kowane shinge, suna da haƙƙin sanin inda kuɗin ke zuwa. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka, amma kowa ya ga yadda lodin da ya wuce kima ya mai da kwaltar Tawa zuwa Arlit. Jirgin ƙasa kuwa, wanda shi ne jirgin talaka na gaskiya, har yanzu labari ne. Layin dogon da Faransawa suka faro daga Kwatano ya tsaya a Paraku tun 1936. Kilomita 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso an yi bikin buɗe su a 2016, ba su taɓa zama hanyar fasinja ba. Layin da aka aza harsashinsa a 2021 domin ya iso Maraɗi, mai kilomita 284, daga Kano ya taso, da kuɗin Najeriya.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, a rage dalilan tafiyar. Tafiyar da ta fi kowace sauƙi ita ce wadda ba a yi ba. Kafin 2010, duk ɗalibin da ya ci jarrabawar shiga jami'ar gwamnati kusan sai ya nufi Yamai. Da aka buɗe jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa a wannan shekara, aka ƙara da Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, dubban iyaye suka huta da kuɗin mota da fargaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ta daɗe tana hutar da masu shari'a daga wannan doguwar hanya. Abin da aka yi wa ɗalibi da mai ƙara ana iya yi wa malamin makaranta da ɗan fansho da ɗan kasuwa mai neman takardar izini: a ba daraktan jiha ikon sa hannu, a ba shi kasafin da zai aiwatar, a bar takarda ta yi tafiya ta waya, mutum ya zauna a gida. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, na jihohi a 2011, amma an miƙa musu nauyi ba a miƙa musu kuɗi ba. A Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa su, aka naɗa masu riƙo daga Yamai. Ko wane irin tsari ƙasa za ta zaɓa nan gaba, mai riƙe da gari ya kamata ya kasance wanda mutanen garin ke iya tsayarwa a bakin masallaci su tambaye shi.

Akwai kuma wata ƴar shawara da ba ta bukatar ko dala ɗaya daga baitulmali. Duk ministan da aka ba hanyoyi ko sufuri ko lafiya, kafin ya zauna a kujerarsa, a sa shi ya sayi tikiti a tasha kamar kowa, ya hau motar fasinja daga Yamai zuwa Difa a watan Afrilu, ba jiniya, ba rakiya, ya sauka a kowane shinge ya nuna katinsa, ya yi alwala da ruwan leda a bakin hanya. Gani ya kori ji. Rahoton da zai rubuta bayan ya dawo zai fi na ƙwararrun da ake ɗaukowa daga waje amfani, kuma ba zai ƙara cewa Damagaram nan kusa ce ba.

Kilomita 750 ba za su ragu ba, haka Allah ya ajiye garuruwan biyu. Awa goma sha huɗun kuwa aikin mutum ne, mutum kuma yana iya rage su, ta sama ga mai larura, ta ƙasa ga kowa da kowa, ta alƙalami ga wanda bai kamata ya taso ba tun farko. Gwamnatoci na farar hula da na soja sun zo sun wuce tun 1960, kowace ta rantse da haɗin kan ƙasa, kowace kuma ta bar wa mai bi mata wannan nisa yadda ta same shi ko kusa da haka. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, in ji masu iya magana. Masu mulki sun saba faɗin haka game da talakawan da suka bijire. Ya kamata su tambayi kansu, tsakanin su da mutanen Damagaram da Difa da Agadas, wane ne ya yi nisa, wane ne ke kira.